Litar Basirka

Ɗanbala direban bas ne, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, idan fasinja sun samu ya zarce har Basirka, garinsu. Motar ba tasa ba ce. Abin da ake samu a kujeru, in an cire kuɗin mai da na mai mota, ba ya kai wa ko'ina. Saƙo ne ke riƙe da gidansa. Wannan ta ba shi ƙullin daddawa ya kai wa 'yarta, wancan ya ba shi buhun gero ko batirin mota, kowa ya ɗan sallame shi. Ba don gudu ake son motarsa ba, don in ta zo tudu sai fasinja sun taya ta da addu'a. Ana sonta ne saboda abin da ka ba Ɗanbala, shi zai isa inda ka aika.

Yayarsa Hadijatu tana Basirka, tana matsar man gyaɗa tun kafin ya fara gemu, kuma da kuɗin man ta yi masa lasin tuƙi. Mace ce da ba ta wasa da awo. Kwalba ɗaya take aunawa da ita, wata tsohuwa da mai ya rine mata gindi, sai ta cika ta har wuya sannan ta juye. A unguwarsu babbar kwalba irin wannan lita ake ce mata, ƙaramar kuma rabi. Babu wanda ya san wanda ya raɗa mata sunan, babu kuma wanda sunan ya taɓa cuta, tunda mai saye da mai sayarwa duk kwalbar suke kallo.

Ana nan sai Hajiya Ummussalma, mai gidan abinci kusa da tashar Birnin Kudu, ta je wani biki a Gwaram, ta ci shinkafa da wake da man Hadijatu. Ƙanshin ya yi mata, ta nemi lambar mai man, ta kira.

"Nawa kike sayar da lita?" in ji Hajiya.

"Dubu biyu da ɗari huɗu, Hajiya."

Hajiya ta yi lissafi. A Birnin Kudu lita dubu uku take saya. A ranta ta ce matar ƙauye ce, ba ta san yadda kasuwa ta tashi ba, kuma ba ita za ta faɗa mata ba. Ta ce a aiko mata lita arba'in, in ya yi mata kuma duk mako haka. Ba ta nemi ragin ko sisi ba. Da Hadijatu ta san matan gidan abinci, da nan ta tsaya ta yi tunani, don mai tuwo-tuwo da ba ta yi ciniki ba akwai abin da ta hango. Ita dai murna ta yi. Ta sayar da awakinta biyu ta sayi gyaɗa buhu huɗu, ta kira matan maƙwabta suka taya ta suya da matsa.

Ranar aikawa ta wanke manyan jarkoki biyu, ta auna ashirin a kowace, ta sa leda a baki ta ɗaure murfi. Ɗanbala ya ɗora su a bayan mota. Bai tambayi nawa ne a ciki ba, don shi ba ya leƙa saƙon mutane. Ya sauke su a ƙofar gidan abinci, aka ba shi ruwa ya sha, ya yi gaba.

Washegari da hantsi yana layi a tasha sai ga Hajiya Ummussalma, mayafi a kafaɗa, tana tambayar ina direban Basirka. Ba ta jira an kai ta ofis ba, a tsakiyar tasha ta fara.

"Lita arba'in na biya, talatin na gani. Da galan mai cin lita biyar na auna, galan shida ya ba ni maimakon takwas. Ina lita goma?"

"Hajiya, yadda aka ba ni haka na kawo."

"Haka kuke cewa dukkanku. An buɗe an ɗiba an mayar da leda, wa zai gane?"

Tasha kuwa ba a rasa masu sauraro. Masu shayi, 'yan kamasho, fasinjan da ke jiran mota ta cika, kowa ya matso. Malam Yahuza, shugaban direbobin tashar, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya fito ya ce a bi a hankali. Ya karɓi lambar Hadijatu ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Baiwar Allah, lita nawa kika zuba a jarkokin nan?"

"Arba'in cif, Malam. Da hannuna na auna, ban wakilta kowa ba. Ni a kan awo ba a taɓa kama ni ba."

Ba ta san a gaban wa take magana ba, ba ta kuma san da wannan amsar ta gama da ƙanenta ba. Mai aikawa ta ce arba'in, mai karɓa ta ce talatin, a tsakaninsu babu kowa sai direba. Malam Yahuza ya kashe wayar, bai ji daɗi ba, don yana son Ɗanbala. Sannan ya ce daga yau kada a ba motarsa saƙo sai an warware maganar, ko ya kawo hujja ko ya biya lita goma.

Biyan ba shi ne damuwar Ɗanbala ba. In ya biya ya amsa laifi ke nan. Kafin motarsa ta cika ya ga wata tsohuwa da ta saba ba shi kwanon fura ya kai wa jikanta a Gwaram ta zo, ta tsaya, aka yi mata raɗa, ta wuce motar baya. Wannan ya fi masa ciwo a kan duk ihun Hajiya.

Bai tsaya neman lodi a Gwaram ba, ya sauke fasinja ya zarce Basirka da mota kusan fanko. Ya tarar da Hadijatu a tsakar gida tana murza tunkuza za ta yi ƙuli-ƙuli. Ya faɗa mata duk abin da ya faru. Ta goge hannu a zani.

"Ko murfin ya kwance a hanya?"

"Ko ɗigo babu a motar, Yaya."

"Ba ka tsaya ko'ina ka bar motar ba?"

"Na yi sallar azahar a Gwaram. Motar tana gabana."

Ta dube shi. Sannan ta sassauta murya, yadda take yi masa magana yana yaro in ya ɓata wani abu.

"Ɗanbala, in wata matsuwa ce ta same ka, ai ni ya kamata ka faɗa wa. Man ai nawa ne, ba na wani ba."

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Hajiya ba ta san shi ba, in ta ce ɓarawo ne ta faɗi abin da ta ga dama. Amma wannan ita ta goya shi. Ya je ya ɗauko wata jarka irin waɗancan a bakin rijiya ya dire a gabanta.

"Auna mini ashirin. Da ruwa."

"Ni za ka gwada?"

"Auna dai, Yaya."

Ta ɗauko kwalbar da mazurari, ranta a ɓace, ta shiga aunawa tana ƙirgawa da ƙarfi don ya ji. Da ta kai ashirin ta ajiye kwalbar da ƙarfi. Ɗanbala ya ɗaga jarkar ya kalle ta a rana. Ruwan ya ɗan wuce rabi kaɗan. Shi kuwa mutum ne da ke sayen fetur a jarka duk lokacin da gidajen mai suka rufe, ya san jarkar nan lita ashirin da biyar take ci, ya kuma san lita ashirin har kafaɗarta take kaiwa.

Ya fita wajen mota ya dawo da robar baƙin mai fanko, mai cin lita ɗaya, irin wadda yake ƙara wa inji. Ya cika ta da ruwa daidai layinta. Bai yarda ya zuba a kwalbar awon ba, kada warin ya kama ta, sai ya ce ta ba shi wata irinta cikin waɗanda take zuba wa masu saye. Ya fara tsiyayawa. Kwalbar ta cika har wuya, ta fara zuba a ƙasa, robar kuwa da sauran ruwa a ciki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

"Robar taka ce babba," in ji Hadijatu.

"Robar lita ce, Yaya. Ga shi a rubuce."

Ya ɗauki kwalbar awon ya juya gindinta. Ya sa toka da soso ya dirje baƙin da ya daskare a wurin. A jikin gilashin, can ƙasa, ga rubutu ya fito: 75cl. Shekara da shekaru yana nan, babu wanda ya taɓa neman sa.

"Mene ne wannan?"

"Santilita saba'in da biyar. Santilita ɗari ne lita ɗaya. An koya mana a firamare, ban taɓa zaton zai yi mini rana ba." Ya ciro waya ya danna. "Kwalba arba'in, kowace saba'in da biyar, santilita dubu uku ke nan. A raba da ɗari, lita talatin. Abin da Hajiya ta gani ke nan. Babu wanda ya ɗebi komai."

Hadijatu ta zauna a kan turmi. Ta karɓi kwalbar ta shafa rubutun da babban yatsa, ita da ba ta karanta boko. Ba ta ba shi haƙuri ba a lokacin. Abin da ta tambaya shi ne, to litar gaskiya nawa ta kama a farashinta?

Ya sake dannawa. Dubu biyu da ɗari huɗu a raba da saba'in da biyar, kowace santilita naira talatin da biyu. Sau ɗari, dubu uku da ɗari biyu. Yana ganin adadin ya gane inda maganar za ta ƙare, don ya san farashin Birnin Kudu. Man yayarsa ba araha ba ne, ya fi na kasuwar can tsada da ɗari biyu, ban da kuɗin mota. Ya waiwaya ya kalli buhunan gyaɗar da ke jingine a rumfa.

"Yaya, bari mu kira ta a waya mu yi mata bayani a hankali. In aka lallaɓa ta wataƙila ta ci gaba da saye. Ni kuma in ce wa Ciyaman mun daidaita, shi ke nan."

"Mun daidaita? Wato ka biya a ɓoye, haka za su ce."

"Su ce. Kwana biyu ne an manta."

"A waya ta zage ka?"

"A'a."

"A ina?"

"A tasha."

"To a tasha za a gyara. Gobe da ni za ka tafi."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da galan-galan. Ta ce ya lissafa mata kwalba nawa ne lita goma. Ya ce santilita dubu a raba da saba'in da biyar, sha uku da ɗan ƙari. Ta ce ita ba ta san ɗan ƙari ba, ta auna sha huɗu. Ya ce mata ba dole ba ne, kuskuren suna ne, kuma man nan ya haura ribarta gaba ɗaya. Ta ce lita aka tambaye ta, lita ta amsa, ya rufe mata baki.

Da safe ta zauna a gidan gaba, kwalbar a naɗe cikin ɗankwali a kan cinyarta. Rabonta da Birnin Kudu tun wata dubiya a asibiti. Da suka isa ba ta yarda an je gidan abinci ba, ta ce a kira Hajiya ta zo inda ta tsaya jiya. Malam Yahuza ya aika. Hajiya Ummussalma ta zo da mazubinta mai layi-layi a jiki, don an ce mata za a yi awo, ita kuma ta tabbata gaskiya na gefenta.

Mutanen jiya duk suna nan, har da ƙari. Hadijatu ta kwance ɗankwalin, ta cika kwalbar da ruwan mai shayi har wuya, ta ɗaga kowa ya gani.

"Wannan ita muke kira lita a wajenmu. Hajiya, riƙe mazubinki."

Ta juye. Ruwan ya tsaya a layin ɗari bakwai da hamsin. Malam Yahuza ya sa tabarau ya duƙa ya duba, ya ce mililita ɗari bakwai da hamsin, lita kuwa dubu ce, saura ɗari biyu da hamsin. Wani ɗan kamasho ya ce ashe litar Basirka ba ta gama girma ba, aka yi dariya. Hadijatu ba ta yi ba.

"Irin wannan arba'in na zuba. Yaron nan abin da na ba shi ya kawo. Ga lita gomanki a mota, na cika miki, ba na son ko kwabo a kai. Abu ɗaya nake so. Abin da kika faɗa a nan jiya, ki janye shi a nan."

Hajiya ta gyara mayafi. Ba muguwar mace ba ce, bakinta ne ke riga tunaninta.

"Ai ni ban san haka kuke awo ba. Da kin faɗa mini kwalba ce..."

"Da kika ji dubu biyu da ɗari huɗu, kin san ba haka ake sayar da lita ba. Ba ki tambaya ba. Ni ban sani ba, ke kin yi shiru. Shi me ya yi?"

Hajiya ta juya wajen Ɗanbala ta ce, "Direba, ka yafe ni. Na ɗora maka abin da ba ka yi ba." Hadijatu ta ce na baya ba su ji ba. Hajiya ta harare ta, amma ta maimaita da ƙarfi. Malam Yahuza ya ce magana ta mutu, a ci gaba da ba motar Ɗanbala saƙo.

Sai aka zo maganar mako mai zuwa. Hajiya ta ce in za a bar mata litar gaskiya a farashin farko, tana so. Hadijatu ta ce ko gyaɗar ba za ta fitar ba. Hajiya ta ce to ita jarka mai lita ashirin da biyar dubu saba'in da biyar take sayenta a bakin ƙofarta, lita dubu uku ke nan, ba za ta biya dubu uku da ɗari biyu ta kuma biya mota ba, masu cin shinkafa da wake ba ƙanshi suke biya ba. Gaskiya ta faɗa, kuma Hadijatu ba ta roƙe ta ba. Aka sauke galan-galan ɗin, aka yi sallama. Cinikin da aka sayar da awaki dominsa ya ƙare a zuwan farko.

Ta koma gidan gaba ta zauna tana jiran mota ta cika. Ɗanbala ya tsaya a jikin ƙofa, yana tunanin buhunan gyaɗar da ke rumfa. Can sai ɗan kamasho ya buga jikin motar ya ɗaga murya.

"Gwaram! Basirka! Motar Lita Goma, saura mutum biyar!"

Hadijatu ta juyo.

"Wa yake nufi?"

"Wasa ne, Yaya. Tun jiya suka sa mini. Rabu da su."

Bai faɗa mata wannan ba da ya je gida. Ta san tasha, ko ba ta zama a cikinta. Hukuncin Ciyaman ana janye shi da baki ɗaya, amma irin wannan sunan yana bin mutum har 'ya'yansa su gada, kuma nan da shekara biyar babu mai tuna kwalba, sai dai a ce wani mai ne ya taɓa ɓata a motarsa. Ta buɗe ƙofa ta sauko, ta je har gaban ɗan kamashon, wanda ya fi ta tsawo amma a haife ta haife shi.

"Kai. Lita goman nan a hannuna ta ɓata, ba a motarsa ba. In sunan kake so ka kira, ni ce Lita Goma, ga ni. Duk ranar da ka gan ni ka kira, zan amsa. Shi sunansa Ɗanbala."

"Yi haƙuri, Inna."

"Ba haƙuri na ce ka ba ni ba. Kira motar."

Ya gyara murya, ya kalli abokansa, babu wanda ya yi dariya.

"Gwaram, Basirka! Motar Ɗanbala!"

Ta tsaya a wurin sai da ya kira sau uku, sannan ta koma ta zauna. Ɗanbala ya shiga ya tayar da mota, ya daɗe yana gyara madubin da babu abin da ya same shi. Sun fita gari sun hau titin Gwaram kafin ta yi magana, kuma ba shi take kallo ba, gonaki take kallo.

"Abin da na faɗa maka jiya a tsakar gida. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Yaya."

"Bai wuce ba. Ka ce ka yafe."

"Na yafe."